Abin da Muka Je Aunawa a Maraɗi

Ladidi, Uwani, da ke Talatu, tun da muka dawo kuke aiko mini da saƙo, kowa da irin tambayarta. Ladidi tana son ta ji ko atamfa tana da araha a can. Uwani kuwa cewa ta yi wai ta ji a bakin mata an kai ni karɓo maganin haihuwa wurin wani malami Buzu. Ku da muka yi zaman ɗaki ɗaya a makarantar kwana, ba zan yi muku ɓoye-ɓoye ba. Sai da na nemi izinin Malam, maigidana, kafin in ɗauki biro. Ya ce, "Rubuta musu, Zulai. Na gaji da jin ana ɗora miki kayan da ba naki ba."

Kun san jinyar da ya yi shekara biyu da wani abu da suka wuce, wadda aka ce wa mutane aikin gwaiwa ne. Ba gwaiwa ba ce. Ciwon daji ne ya kama ɗaya daga cikin 'ya'yan marainansa, aka cire, aka bi da wani magani mai ƙarfi da ake ɗura masa ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Shi ne ya zubar masa da gashi har gira, ya riƙa amai kamar zai fito da hanjinsa. Ciwon ya tafi, alhamdulillahi. Amma likitan ya gaya masa maganin yana kashe ƙwayoyin haihuwa na namiji. Wani su dawo masa bayan wasu shekaru, wani kuma shi ke nan. Da aka auna shi bayan ya gama magani, babu ko ɗaya.

Ban da ni, Babana na Kiru kaɗai Malam ya gaya wa. Kuma bai tsaya nan ba, sai da ya yi masa alkawari cewa in an sake awo aka ga babu, zai sawwaƙe mini in je in sami rabo a wani gidan. Baba bai nema ba, amma bai hana ba. A bakin Inna na ji. Na yi kuka na ce wa ya ce masa na gaji? Ya ce, "Haihuwa haƙƙinki ce. Ba zan tsufar da ke a banza ba, in je gaban Allah da wannan."

Abin da ya kai mu Nijar shi ne likitan da ya yi masa aikin, Dakta Isufu. Mutumin Maraɗi ne da ya yi karatu a ƙasarmu, daga baya ya koma gida. Malam ya ce ba zai sake buɗe wannan magana ga wani sabon mutum ba. Kuma kun san malamin gona a Tudun Wada, babu asibitin da zai shiga a Kano ko Zariya bai haɗu da wanda ya taɓa raba wa taki ba.

Mun tashi bayan sallar asuba, cikin tsakiyar bazara, a motar da ta sha buhunan shinkafa har tana jan ciki. Ba mu fita ƙasar Bebeji ba mai ya ƙare, direba ya ɗauki galan ya bi hanya yana tsine wa masu gidan mai. Kusa da ni akwai wata dattijuwar Bafulatana daga wajen Doguwa, ta rungume ƙwaryar nono da ta naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Duk bayan ɗan lokaci sai ta yayyafa masa ruwa don kada zafi ya lalata shi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, yara nawa?"

Na ce, "Sai dai muna jiran rabo, Inna."

Ta tafa hannu cikin tausayi, ta shiga kwatanta mini wata saiwa da ake dafawa da gero, ta ce 'yar ƙanwarta shekara tara ba haihuwa, ga ta nan yanzu da uku. Ta ɗaga murya ta ce wa Malam, "Kai kuma ka yi haƙuri da ita, ka ji? Allah hokke," wato Allah ya ba ka. Malam ya ce amin, ya juya yana kallon taga. Har muka shiga Kano bai juyo ba.

Daga Kano zuwa Katsina babu abin faɗa sai zafi da shingayen 'yan sanda. A kan iyaka ne, bayan Jibiya, aka sauke mu duka. Na gefenmu kun san halinsu, ba sai na faɗa ba. Na can, jandarmomi, ba su da hayaniya, amma komai sai sun buɗe. Wani dogo mai tsagen Gobirawa ya zazzage jakar Malam, ya ci karo da babban ambulan na takardun asibiti. Ya juya su, ya ga Turancinmu ne ba Faransanci ba, sai ya ce da ƙarfi a gaban fasinjoji, "Wane na ba shi lahiya cikinku?"

Ban san lokacin da na ce, "Ni ce" ba.

Jandarman ya mayar da takardun da hannu biyu, ya ce, "Allah shi ba da lahiya, Madam." Har ya sa aka bar mini kujerar gaba. Da muka koma mota Malam ya sunkuyo ta bayana ya ce a hankali, "Har a ƙasar wasu ma sai kin ɗauka?" Ba faɗa yake yi ba. Da faɗan ne da ya fi mini sauƙi.

Mun shiga Maraɗi gab da magariba. Masaukinmu gidan Alhaji Ummaru ne, ɗan kasuwar da ke zuwa sayen masara a wajenmu duk kaka, kuma a gidan yayan Malam yake sauka. Ya tarbe mu kamar ya ga 'yan'uwansa na jini. Nan take aka shigar da ni cikin gida wurin matarsa Hajiya Baraka, aka yi mini shimfiɗa a ɗakinta tare da jikokinta mata. Malam kuma aka kai shi shagon baƙi na ƙofar gida, inda fatake biyu daga Agadas suke kwana. Haka muke yi a gida, ni ma haka zan yi wa baƙona. Ban ga komai a ciki ba a daren.

Hausarsu tamu ce, amma sai kin kasa kunne. Asibiti su "likita" suke ce masa, shi likitan kuma "lokotoro". Fura ita ce abincin rana, a dama ta a babbar ƙwarya kowa ya sha ya kwanta, don da rana ta take garin rufewa yake yi, har ofisoshin gwamnati, sai bayan azahar sosai. Burodinsu dogo ne kamar muciya, ga tauri, ranar farko sai da ya yanke mini dasashi. Kwaɗon zogalensu kuwa, da suke kira kopto, ya fi namu, don ba sa rowar ƙuli. Matansu sun fi mu sakin jiki. Hajiya Baraka tana da firji biyu tana sayar da ƙanƙara, ita ke karɓar kuɗinta da kanta a bakin zaure, tana tsokanar duk wanda ya wuce. Ni "Bakanuwa" take ce mini, wai duk abin da aka tambaye mu sai mu ce "ba komai" ko da wuta ce ke cin zanenmu.

Washegari muka je wurin Dakta Isufu. Ya rungume Malam, ya ce ya yi ƙiba, ya tambaye shi gashi ya dawo ke nan. Ya duba shi, ya ce babu alamar ciwon. Sannan aka ce in jira a waje. Da Malam ya fito, sai da muka yi nisa da asibitin, a ƙarƙashin wata darbejiya, ya nuna mini wata 'yar kwalba mai jan murfi. Yana magana yana kallon takalminsa. Maniyyi ake so a auna. An nuna masa wani ɗaki a asibitin, wai ya shiga shi kaɗai, ya ce shi a abin da ya karanta wannan bai halatta gare shi ba, yana da iyali. Likita ya ce to, a kawo daga masauki da safe, kada a wuce awa ɗaya. Kuma a yi sauri, don ranar Alhamis zai tafi Yamai wani kwas, zai daɗe.

A nan ne karamcin Alhaji Ummaru ya zame mana katanga. Ni ina cikin gida, shi yana waje. In zan gan shi sai an aika yaro, mu gaisa a zaure a tsaye, mutane na shiga da fita. Malam ya gwada cewa za mu koma otel don kada mu takura musu. Alhaji ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Otel? Baƙona da iyalinai? Da wane ido zan dubi yayanka in na zo sayen masara? Ko wani abu anka yi muku?" Malam ya ce ba komai. Ai kuwa ba zai iya faɗa ba, don duk abin da ya shiga kunnen Alhaji a Maraɗi, a Tudun Wada zai sauka.

Haka muka yi ta zama. A yanka mana zabi, a kai Malam kasuwa ya ga albasa da aya, ni a kai ni gaida dangin Hajiya. Alhamis tana matsowa. Na daina cin abinci. Abin kunyar da zan gaya muku shi ne, wani ɓangare na zuciyata yana son Alhamis ɗin ta zo ta wuce.

Ranar Talata da yamma muna tsinkar zogale mu biyu, Hajiya ta ce, "Ke Bakanuwa, kin zo ganin lokotoro kuma ba ki koma ba, ba ki sha magani ba, ba ki ci tuwo ba. In kin ce mini ba komai, da wannan faifan zan buge ki."

Na yi ta kewaye-kewaye. Na ce likita ya ce akwai awon da ba a yin sa sai miji da mata sun kasance wuri ɗaya. Na ce da safe ake so. Na ji fuskata kamar an watsa mata barkono. Ta saki faifan ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki, ta ce, "La ilaha illallahu! Ashe mu munka tare hanya da zabinmu!" Sai ta ga hawaye na zubo mini, ta yanke dariyar. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ba ke ba ce, ko?"

Na ci gaba da tsinkar zogalen.

Ta ce, "Ban ji ba, ban gani ba. Alhaji ma ba ya ji. Share idonki."

Da safe Alhaji na fita kasuwa, ta tattara surukarta da jikoki duka ta tura su gidan suna a wata unguwa, har da mai yi mata wanke-wanke. Sannan ta leƙa zaure ta ɗaga murya yadda fataken za su ji: "Ina malamin gonar nan na Najeriya? Ka ci tuwona ka sha hurata, ka zo ka duba mini lemuna, tsutsa na cinye shi!" Ta shigo da shi, ta buɗe ɗakin ɗanta da ke Abijan, ta ɗauki tasbaha ta je ta zauna a bakin zaure tana korar masu sayen ƙanƙara, wai wuta ba ta zo ba jiya. Allah ya saka wa matar nan da Aljanna. Abin da ya biyo baya ba na rubutu ba ne. Zan dai ce muku ban taɓa jin tausayin ɗan Adam kamar yadda na ji na Malam a safiyar nan ba.

Da za mu fita ya miƙo mini kwalbar a naɗe cikin hankici, ya ce, "Riƙe a wurinki. Ni ba zan iya ba." Ya yi gaba neman tasi.

Na tsaya a tsakar gida da abin a hannuna. Rana ta riga ta fara dukan ƙasa. Na tuna nonon Bafulatanar nan da jiƙaƙƙen tsummanta. Na tuna yadda ake kawo allurar rigakafi asibitinmu a cikin akwatin ƙanƙara, kuma a makaranta an koya mana zafi ne ke lalata abu. Na ce wannan abu da aurena ke rataye a kansa ba zan bar zafin Maraɗi ya ɓata shi ba. Na roƙi Hajiya ƙaramar kula da ƙanƙara, ta ɗauka ta ruwan sha ce. Na binne kwalbar a tsakiya, na rufe, na rungume har asibiti ina karanta duk addu'ar da na sani.

A tagar ɗakin awo na ciro ta na goge na miƙa. Mai awon ya taɓa, ya yamutsa fuska, ya faɗi wani abu da Faransanci, ya rubuta a takarda. Aka ce mu jira. Kafin a kira mu lokacin rufewarsu ya yi, kowa ya watse. Muka zauna a kan benci, mu da wani tsoho da ya kawo jikarsa daga ƙauye, ya damu sai mun sha furarsa.

Da yamma Dakta Isufu ya kira mu tare. Ya ce, "Malam, akwai labari biyu. Wancan karon babu ko ɗaya. Yau akwai su. Kaɗan ne ƙwarai, sai an yi ta nema a madubin awo, amma akwai."



Ya ƙara da cewa, "Na biyun, ko ɗaya ba ya motsi. Wanda ba ya motsi kuwa ba ya kai wa ga ciki."

Malam ya gyaɗa kai kamar wanda ya daɗe da sani. Ya ce, "Matattu ke nan." Ya juyo gare ni, muryarsa a daidai, ya ce, "To, Zulai, kin ji da kunnenki. In mun koma sai mu biya ta Kiru."

Likita ya ɗaga hannu yana duba takardar. Ya ce, "Dakata. Mai awo ya rubuta kwalbar ta iso da sanyi ƙarara. Yaya kuka kawo ta? Na ce maka a sa ta a aljihu, jikin fata, kada ta huce."

Malam ya sunkuyar da kai. Ya ce kunya ta sa bai iya maimaita mini duka ba. Ni kuma na ɗago kular daga ƙasan kujera na buɗe, sauran ƙanƙarar na yawo a cikin ruwa. Dakta Isufu ya dafe goshi. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce sanyi yana sandarar da su ko da lafiyayyu ne, don haka shi yanzu ba zai iya cewa maganin ne ya hana su motsi ko ƙanƙarata ba. Sake awo sai an huta kwanaki, shi kuma gobe zai tafi. Ya ce ko da yana nan ma shawararsa a jira, don abin a hankali yake dawowa, wani shekara biyu, wani har biyar, wani kuma ya tsaya a inda yake. Ya ce, "Ku dawo bayan kaka. Ban yi muku alkawarin komai ba."

Hajiya ba ta tambaye ni sakamako ba. Da za mu tafi ta cika mini jaka da kilishi da busasshen zogale, ta raɗa mini cewa lemunta zai sake yin tsutsa duk ranar da muka dawo. Alhaji ya raka mu tasha yana ta ba ni haƙuri, wai in dage da shan magani.

A dawowa mun kwana a Kano gidan ƙanwar Malam, da safe muka kamo hanya. A Kwanar Ɗangora muka sauka, inda za mu nemi motar Kiru, don ya ce dole ya kai wa Baba bayani. Muna tsaye a inuwar wata rumfa ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Zulai, da gangan kika yi?"

Na ce, "Wallahi tallahi ban sani ba."

Ya ce, "Na yarda." Can kuma ya ce, "Amma kin ji daɗi."

Wannan ban iya rantsewa a kansa ba.

Na ce masa ko bayan kaka aka ce babu, ni ba inda za ni, na yafe haƙƙin, in sa hannu a gaban duk malamin da yake so. Ya ce yau nake yafewa, ina da ƙuruciya. Ranar da na kai arba'in na ga jikokin ƙannena, shi zai riƙa ganin abin a idona kullum, kuma ba zai iya ba. Ya ce alkawarin yana nan, ɗaga shi kawai aka yi.

A Kiru ina bayan ƙofa na ji yana gaya wa Baba awon bai kammala ba. Baba ya ce, "Sai yaushe?" Ya ce, "Bayan kaka." Baba ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Babu wanda ya ambaci ƙanƙara.

To, kun ji tafiyar. Atamfa ban duba ba, Ladidi, ki yi haƙuri. Ku taya ni da addu'a Allah ya sa su motsa, in kuma bai ƙaddara ba, ya juyo da zuciyar Malam. Ruwa ya sauka a nan tun makonni, masarar bayan gidanmu ta kai gwiwa. Kowa ya wuce sai ya ce bana za a yi albarka, kaka za ta zo da wuri. Malam yakan tsaya ya amsa musu da amin. Ni daga cikin gida nake jin su, in ce amin ɗin a hankali, sannan in sauke labulen tagar da ke kallon gonar.